Da Sabuwar Kwamfuta Zuwa Damagaram

Tun zamanin ayari, abin da Badamagare ya rasa a kasuwarsa Kano yake aikawa a sayo masa. Da can turkuɗi ne da goro, yanzu waya ce da kayan gyaran mota da kwamfuta. Faɗuwar da naira ta yi daga 2023 ta ƙara wa abin armashi, domin mai sefa a aljihu idan ya canza sai ya ga kasuwar Kano ta yi masa araha. Shi ya sa ban yi mamaki ba da Kawu ya kira ni ya ce autansa, wanda ke karatu a jami'ar Damagaram, wadda yanzu ke ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, yana bukatar kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma tunda zan zo ɗaurin aure in taho da ita. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: sabuwa fil, a cikin kwalinta, kada kowa ya yanke tef ɗin sai mai ita.

Wannan sharaɗi ya ɗaure mini hannu. Al'adar mai sayen kwamfuta a Kano ita ce a farke kwali a gaban mai shago, a kunna, a latsa ko'ina, sannan a ƙirga kuɗi. Amma ko kwali na rufe akwai abin dubawa. A jikinsa akwai lambar da ta keɓanta da wannan na'urar ita kaɗai, kuma manyan kamfanonin kwamfuta suna da shafi a intanet inda za ka zuba lambar a gaya maka samfurin da ranar da garanti zai ƙare. Idan 'yan watanni ne suka zube daga shekarar garantin, zaman sito ne, ba komai. Idan kuwa garantin ya ƙare tun bara, to kayan ya bi ta hannun wani, komai ƙyallin ledarsa. Na duba a wayata ina tsaye a shagon, na kuma sa mai shago ya rubuta lambar a kan rasit da hannunsa.

Daga tashar Ƙofar Ruwa muka ɗaga da sassafe. Yaron mota ya miƙo hannu zai cusa kwalin a but, tsakanin buhun barkono da jarkar manja, na ce Allah ya sawwaƙe, a cinyata zai yi tafiyar. Hanya ta bi da mu Dambatta, ta ratsa duwatsun Kazaure, ta kai mu Daura. Nan da can ana hango aikin layin dogon da aka ƙaddamar a 2021, wanda zai taso daga Kano ya bi ta Daura da Katsina da Jibiya ya tsaya a Maraɗi. Damagaram ba ta cikin lissafin, abin da wani dattijo da ke gefena bai gaji da nanatawa ba har Kwangwalam.

A bakin iyaka tambayar ɗaya ce, ɓangarenmu da nasu: mene ne a kwalin, na sayarwa ne ko na amfani? Rasit ya amsa, aka sauke mana igiya. Da ka wuce Ɗan Barto allunan hanya sun koma Faransanci, kuɗi sun koma dala da jikka, amma Hausar tana nan inda ka baro ta. Bazara ce, gonaki sun yi fayau, babu kore sai gawo, wanda shi da rani yake ganye. Ƙasar Matamaye da Kance cike take da shi, manoma sun ƙyale shi ya yi ta tsiro a gonakinsu. A Takeita muka hau babban titin da ya taso daga Yamai, muka miƙa gabas, har manyan duwatsun nan masu sulɓi da suka hau kan juna suka fara bayyana. Idan ka gan su ka iso.

Sai bayan isha'i aka samu natsuwa. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yara suka kewaye, Auta ya yi bisimilla ya yanke tef da reza. Ya ɗaga murfi, ya danna maɓallin kunnawa. Shiru. Ya ƙara dannawa. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

"Madalla," in ji Kawu daga kan kujerarsa. "Wanda ya aiki Bakano kasuwa ai ya shirya karɓar fanko."

Baƙo zai ɗauka faɗa ne. Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne, wasan da tsofaffi ke dangantawa da yaƙe-yaƙen ƙarshen shekarun 1890, lokacin da Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya riƙa kai wa ƙasar Kano hari a zamanin Sarki Alu. Mahaifiyata 'yar gidan ce, mahaifina Bakano, ga shi ni da Auta taubasai ne. Ta kowace fuska ba ni da mai ceto.

Na ce, "Kawu, ku bari a ba ta wuta tukuna."

Kamfanoni da yawa kan kulle batir tun daga masana'anta, don kada ya tsiyaye a watannin da na'ura za ta yi a jirgin ruwa da sito. Kullen ba ya buɗewa sai ta ji caja a karon farko. Mutane da dama sun juya shago da fushi a kan wannan, alhali minti ɗaya a bango ya isa. To a bangon ne kuma muka yi karo da cikas na gaske. Kan cajar Kano ƙafa uku gare shi masu faɗi, gadon Ingila. Soket ɗin Damagaram rami biyu ne zagayayyu, gadon Faransa. Auta ya tsorata ko wutar ma daban ce, kada ta ƙone. Na haska masa ƙananan rubutun da ke bayan cajar da fitilar waya: tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240. Ta Najeriya da ta Nijar duk tsakanin 220 da 230 suke, baki ne kawai ya bambanta. Aka tura yaro maƙwabta ya aro adafta, irin ta roba mai araha, wadda ke lilo a soket sai an tokare ta da gwangwanin madara. Ƙaramar fitila ta kama a gefen na'urar, Auta ya danna, fuska ta haskaka, yara suka kwashe da ihu. Da ta ƙi duk da haka, abin da ke gaba shi ne a canza soket, a cire duk abin da ke jikinta, a danne maɓallin kamar rabin minti a saki, a sake gwadawa. Sai wannan ya gaza ake fara maganar shago.

Windows 11, wanda ya fito a 2021, yana neman intanet da akawun tun a zaman farko. Auta ya buɗe mata intanet ɗin wayarsa, ta shiga jero masa tambayoyi, wace ƙasa, wane tsarin madannai. Gajiyar hanya ta ci ƙarfina, na bar su na je na kwanta.

Da asuba, muna fitowa daga masallaci, ya ja ni gefe. "Yaya, madannan sun haukace."

Ya buɗe fallen rubutu ya buga sunan garinsu a gabana, harafi bayan harafi, yana kallon yatsunsa. Abin da ya fito shi ne Dq,qgqrq, ba ragi ba ƙari. Ya danna 2, é ta fito. Ya danna 9, ç ta fito.

Harafin da ke rubuce a kan maɓalli fenti ne kawai. Na'ura ba ta ganinsa. Abin da ta sani shi ne an danna maɓalli na kaza a layi na kaza, sai ta duba tsarin da aka zaɓar mata ta fitar da abin da tsarin ya ce. Madannan da aka sayo a Kano na Amurka ne, layin sama ya fara da Q, W, E, R, T, Y. Na makarantu da ofisoshin Nijar na Faransa ne, ya fara da A, Z, E, R, T, Y, harafin M yana can gefen L, lambobi kuma sai an haɗa da Shift. Da aka tambayi Auta ya zaɓi Faransanci, domin shi ya tashi ya gani, sai fenti ya kama hanyarsa tsari ya kama tasa. Inda abin ya fi cuta shi ne wurin kalmar sirri, tunda ɗige-ɗige ne ke fitowa, mutum bai ga abin da ya buga ba. Sai ya yi ta bugawa ana mayar da shi, har ya yanke cewa an sace masa akawun.

Gyaran ba wuya. A cikin saitin harshe ake ƙara tsarin madannai, kuma idan ka haɗa maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara za ka riƙa sauyawa daga wannan zuwa wancan. Wasu kan sayi 'yan takardun mannawa su lulluɓe haruffan da na Faransa. Ni ban ga amfaninsu ba, zafi da gumin yatsa kan ɗaye su cikin watanni. Ga ɗalibin da zai rubuta Faransanci a kan madannan Amurka, na fi son tsarin Amurka na ƙasa-da-ƙasa, wanda haruffansa ke nan daidai da fenti, amma idan ka danna waƙafin sama ka bi shi da e sai é ta fito, ka bi shi da c sai ç ta fito. Aibinsa ɗaya, kuma a kaina ya faɗa: na zo rubuta 'ya'ya yadda muke yi a Kano, sai ga ýaýa.

Kawu, wanda ya yi shekaru yana koyar da manya a ajin yaƙi da jahilci, ya matso da kujerarsa. "Tana Hausa kuwa, ko sai harshen Nasara?"

Tambayar tana da nauyi a Nijar ta yau. A watan Maris na 2025 kundin da hukumomin ƙasar suka kafa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Amma da wuya ka samu shagon da zai sayar maka da madannai masu ƙ da ɗ da ɓ a rubuce, kuma wannan ne ya sa rabin Hausar da ke yawo a waya da takardu ba ta da lanƙwasa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Windows yana da tsarin madannan Hausa a cikinsa, ba sai an saya ba. Da zarar an ƙara shi, Alt na hannun dama tare da k yana ba da ƙ, tare da d yana ba da ɗ, tare da b yana ba da ɓ. Ko babu shi, a cikin Word idan ka buga 0199 ka haɗa Alt da X, ƙ za ta fito. 0257 na ɗ ne, 0253 na ɓ. Idan kuma ka ga ɗan akwati a maimakon harafin, salon rubutun ne ba shi da shi, a sauya wani. Kawu ya sa tabarau, ya nemo Alt da yatsa ɗaya, ya nemo y da ɗayan, sai ga ƴ, harafin da littattafan Nijar ke amfani da shi inda mu muke sa waƙafi.

"Ka gani ko?" ya ce. "Masu ƙera ta ma rubutunmu suka bi. Naku na Kano ɗinki ne."

Mayar da fuskar na'urar gaba ɗaya Faransanci wani aiki ne daban, sai an sauko da kunshin harshen. Tamu ta karɓa. Wani abokin Auta da ya zo kallo ya ce tasa ta ƙi ƙememe. Akwai nau'in Windows mai harshe ɗaya da ake sa wa wasu kwamfutoci masu sauƙin kuɗi, yana barinka ka ƙara madannai amma ba ya barinka ka sauya harshen fuska. Duk wanda zai sayo wa ɗan Nijar kwamfuta a Najeriya ya tambayi wannan kafin ya biya.

Kafin hantsi wata ƙarar ta taso: datar da Auta ya saya ta wata guda ta ƙare, ga na'urar kuma tana jan ƙafa, ka danna abu sai ka jira. A daidai lokacin mata suna can gidan amarya suna jere, kuma abin da kwamfutar take yi ke nan. Ɗakin da ake jere ba a karɓar baƙi a cikinsa da daɗi; ana ta shigo da kaya, ana ja, ana gyarawa. Na'urar ta yi watanni a kwali, duniya ta wuce ta, don haka da ta ga intanet sai ta shiga sauko da sabunta tsarin aiki da direbobin sassanta, gigabait bayan gigabait, tana kuma bin fayiloli tana yi musu rajista don bincike ya yi sauri nan gaba. Masu tsara ta sun ɗauka kowa na da intanet marar iyaka a gida. Wayifai ɗin da ta gani ba ta san daga wayar ɗalibi yake fitowa ba sai an gaya mata. A cikin saitin wannan layin akwai inda ake cewa intanet ɗin na awo ne, daga nan sai ta kama kanta. Ana kuma iya dakatar da sabuntawa har mako 5. Ban yarda a hana ta har abada ba, domin a ciki ake toshe ɓarakar tsaro. A dai zaɓar mata lokaci: datar dare mai araha, ko wurin da ake da wayifai na kowa, a bar ta a caji ta gama abinta.

Don ganin abin da ke danne ta, Ctrl da Shift da Esc a tare suna buɗe jadawalin ayyukan da take yi, kowanne da kason ƙarfin da yake ci. A nan muka kashe manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna, muka kuma cire maganin bairos na gwaji da ya zo da ita, wanda bayan wata guda zai fara neman kuɗi. Wanda ke cikin Windows ya ishi ɗalibi. Agogonta yana nuna lokacin wata nahiya, muka dawo da shi namu, wanda ɗaya ne a Kano da Damagaram. Kwanan wata idan ya karkace shafukan intanet kan ƙi buɗewa, mutum ya yi ta zargin layi.

Kawu dai bai saki bincikensa ba. Ya ɗauki kwalin ya karanta 512, ya leƙa fuska ya ga 475. "Ina sauran? A Kwangwalam ka sayar?" Mai ƙera ma'ajiyar yana ƙirga gigabait ɗaya a matsayin bait 1,000,000,000, Windows kuwa yana ƙirga shi 1,073,741,824. Raba 512 na farko da na biyu, 476 da ɗoriya za ka samu, ɗan abin da ya rage kuma an keɓe shi don farfaɗo da na'urar ranar da ta rikice. Ya yi lissafin da biro a bayan katin ɗaurin aure, bai ce komai ba, alamar ya gamsu ke nan. Don in rufe bakin gaba ɗaya na buɗe baƙin allon umarni na buga powercfg /batteryreport. Rahoton da ke fitowa yana nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake iya ɗauka yanzu. A sabon batir lambobin biyu kusan ɗaya suke. A na hannu akwai giɓi, kuma ba a goge shi da tsumma.

Bayan ɗaurin aure na samu na zaga Birni. Faransawa sun shigo garin a 1899, ya kuma zama hedikwatar mulkinsu har 1926 da suka mayar da ita Yamai. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa, kuma har yau 'yan garuwa ba su rasa aiki ba. Lungunan Birni ƙanana ne, suna karkacewa tsakanin duwatsu, ga fadar Sarki, ga gidajen ƙasa masu zanen bango, irin waɗanda ake gani kuma a Zango inda fatake ke sauka a da. Abin da ya fi tsaya mini shi ne sanyin zaure. Waje rana na dukan ƙeya, ka sa ƙafa cikin zauren ƙasa mai kaurin bango sai ka ji kamar an canza maka wata. Magina na da sun san garin da suke gini a cikinsa.

Ɗakin Auta kuwa bulo ne da rufin kwano. Da na dawo bayan azahar na tarar da shi kwance rub da ciki, kwamfutar a kan katifa, fankarta na ta huci, hoton da yake kallo yana tsayawa yana tafiya. Can sai ta mutu da kanta. Ya ce batirin ma ya ƙi ƙaruwa duk da caja na jiki.

Takardar da ke zuwa a kwalin yawancin kwamfutoci tana cewa a yi aiki da su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A Damagaram, watan Afrilu da Mayu, wuce 40 abin yau da kullum ne, a inuwa ma, balle ƙarƙashin kwano. Ƙwaƙwalwar na'ura idan ta doshi digiri 100 da kanta take rage gudu, in abin ya ci tura ta kashe kanta kafin ta ƙone. Batirin litiyam shi ma idan ya yi zafi ya wuce wajen 45, da'irar da ke tsaronsa kan hana shi karɓar caji har ya huce. Duk abin da Auta ya gani a matsayin lalacewa kariya ce. Ramukan da take shaƙar iska a ƙarƙashinta suke, katifa da darduma da cinya duk toshe su suke yi. Muka ɗora ta a kan tebur, muka ɗaga bayanta da murfin kwalba biyu, muka sa ta a yanayin tsimin wuta. Gwaggo ta kawo shawarar a jiƙa tsumma a shimfiɗa mata, na roƙe ta da girman Allah ta bari, laima ta fi zafi ɓarna. Shawarar da ta fi kowacce ita ce wadda ba ta cikin saiti: aikin nauyi a yi shi da safe ko da dare, na rana kuma a koma zauren Kawu.

Abu biyu na ƙara masa. Kamfanoni da yawa suna da saitin da ke tsayar da caji a kashi 80, kuma ga na'urar da za ta zauna a wuta a gari mai zafi wannan yana ƙara wa batir kwana. Sannan kada ya rufe murfi kawai ya jefa ta a jaka ya hau kabu-kabu. Sababbin kwamfutoci barcinsu ba ya nisa, sukan farka a cikin jaka su yi ta aiki babu iska, ka fito da ita da zafi batir ya tafi. A kashe ta gaba ɗaya.

Wutar wannan yanki tana zuwa ne ta layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. An yanke ta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka dawo da ita a 2024 da aka ɗage takunkumi, kuma mutanen gari ba su manta waɗannan watannin ba. Da bazara, kowa ya kunna fanka, ɗaukewa ba ta zama labari. Wani dare da aka tayar da janareton maƙwabci aka jawo mana waya, kibiyar da ke fuskar kwamfutar ta shiga tsalle, ka ja ta hagu ta yi dama. Auta ya ce kuma idan ya shafa murfin yana jin wani zir-zir a yatsa. Gwajin a nan ɗaya ne: cire caja. Ya cire, kibiya ta nutsu, zir-zir ya ɓace. Ƙafa ta uku da ke kan cajar Kano ba ado ba ce, ita ke kai ɗan ragowar wutar da ke yoyo zuwa ƙasa. Adaftar aro rami biyu kawai ta haɗa, ragowar ya rasa hanya sai jikin na'urar, faifan da ake jan yatsa a kai kuma da ƙaramar wuta yake gane taɓawa, don haka ya rikice. Na kuma ce duk lokacin da aka ɗauke wuta ya zare cajar daga bango, domin dawowarta ta fi tafiyarta kashe kaya.

Washegari muka nufi wajen Kasuwar Dole neman igiyar caja mai kan Faransa. Ba sai an canza cajar ba, igiyar da ke shiga bango cirewa ake yi. Muka samu a rumfar wani mai gyara, wanda ke zaune tsakanin tulin cajojin da suka ƙone da batura da suka kumbura. Da ya ji labarinmu ya yi dariya.

"Malam, da yawa daga sababbin da ake kawo mini lafiyarsu ƙalau. Amma in na ce wa mutum je ka ɗora ta a tebur, sai ya ga ban iya aiki ba, ya tafi inda za a yi mata fomatin."

Nan ne haɗarin sabuwar kwamfuta yake, a ganina, fiye da zafi da ƙura. Ta yi ɗan tari, sai a kai ta inda za a share komai, a ɗora mata wani Windows daga filashin da ya shiga na'ura ɗari, a kunna shi da manhajar sata, a cika ta da abubuwan da mai ita bai nema ba. Direbobin da kamfani ya daidaita mata sun tafi, bairos ɗin nan mai mayar da fayiloli gajerun hanyoyi ya shigo. Alhali lasisinta na asali yana cikin allonta, kuma Windows yana da hanyar mayar da kansa sabo ba tare da filashin kowa ba. In Word ne ya fara neman kuɗi bayan kwanakin gwaji, LibreOffice kyauta ne, yana kuma buɗe takardun Word.

Mai gyaran ya tuna mana abin da ya fi ba shi ciwon kai. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle ma'ajiyarsu da BitLocker tun ranar farko, mai ita bai sani ba. Ranar da aka taɓa saitin allo ko aka canza wani sashe, sai ta tsaya ta nemi mabuɗi mai lamba 48, kuma in babu shi babu mai gyaran da zai fito maka da takarda ko ɗaya. Mabuɗin yana cikin akawun ɗin da aka buɗe ta da shi. A nan rumfar Auta ya nemo shi a waya, ya kwafe a takarda don a ajiye cikin akwatin da Kawu ke adana takardun gida.

Na tambaye shi waɗanne ne ba ya taɓawa. Ya ce layi a fuska tun daga kunnawa, batir da ya kumbura har ya ɗaga faifan yatsa, fanka mai ƙarar guga, ramin da ya ƙi karɓar kowane filashi, allon kuskure da ke ta dawowa bayan an gama duk sabuntawa. Waɗannan ciwo ne na gaske, kuma in na'ura tana cikin garanti ba ya sa mata sukundireba, domin da zarar an ga alamar buɗewa mai shago ya samu hujjar zamewa. A mayar da ita inda aka saye ta, da rasit.

Muka dawo gida da sabuwar igiya, ta zauna daram a soket, aka mayar wa maƙwabta adaftarsu, aka sallami gwangwanin madara. Zir-zir ɗin dai bai tafi ba. Aka kira mai gyaran wuta, ya kwance soket ya nuna mana waya biyu kacal. Gidan, kamar gidaje da yawa a can da nan, ba a taɓa ja masa wayar ƙasa ba. Ya ce sai an haƙa rami a kafa sandar tagulla, a zuba gawayi da gishiri, a riƙa ba wurin ruwa don kada ya bushe. Kawu ya tambayi jarka nawa, ya ji amsa, ya dubi 'yan jarkokin da aka sayo da safe, ya ce a bari damina ta sauka. Har na baro garin Auta yana cika batir ne ya zare caja sannan ya zauna rubutu.